Evert Nijhuis, Wanda Ya Sauke Hotunan Zaure

Haihuwa da Karatu

An haifi Evert Nijhuis a shekarar 1931 a garin Enschede na ƙasar Holan. Mahaifinsa Derk ma'aikacin masaƙa ne, mahaifiyarsa Fenna kuwa wanki da guga take yi wa masu hali. Shi ne ɗan fari, sai ƙanwarsa Dinie. Ya yi firamare cikin shekarun yaƙi, sannan ya shiga makarantar koyon sana'a, inda ya fito makanikin injinan saƙa a 1949.

Aure da Shiga Tiyosofi

A 1956 ya auri Geesje Wolters, wadda ta kai shi Reshen Fitila, wato majalisar 'yan Tiyosofi masu aƙidar cewa addinai duka daga tushe ɗaya suke, kuma 'yan Adam 'yan'uwan juna ne ba bambancin launi ko addini. Ya rungumi wannan koyarwa da zuciya ɗaya, ya bar nama ya bar giya, har aka damƙa masa mabuɗin zauren, shi ke hura murhu ya jera kujeru kafin taron Lahadi.

Al'amarin 1971

A wancan zamani masaƙar da Evert yake aiki ta ɗauko ma'aikata daga Turkiyya, ba su da masallaci, a rumfar kekuna suke salla. Da ƙaramar salla ta gabato cikin sanyi da ruwa, Evert ya kai abokin aikinsa Remzi ya duba zauren.

Remzi ya ce, “Wuri ya yi, Evert, amma dattawan nan na bango fa? Mu ba ma salla gaban hoto.”

Evert ya ce, “Ai sun gaji da kallonmu, bari su huta.”

Ya sauke hotunan magabatan ƙungiyar, ya naɗe su a bargo, aka yi sallar idi, kafin azahar ya mayar da kowanne kan ƙusarsa. Ko gilashi bai tsage ba, duk wanda ya ce ya tsage ƙarya yake yi. Shugaban reshen, Likita Brummelhuis, ya tara kwamiti ya tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa su.

Evert ya ce, “Kai ne, Likita. Kowace Lahadi kai kake karanta mana 'yan'uwantaka, ni na ɗauka da gaske kake.”

A watan Janairun 1972 aka karɓe mabuɗin, aka kore shi. Geesje ta ci gaba da zama mamba da yardar mijinta.

Shekarun Baya

Bayan rufe masaƙar ya mayar da kicin ɗinsa wurin karatu, kowace Alhamis maƙwabta na taruwa ana shan kofi, yana fassara musu tsofaffin littattafan Tiyosofi da maganar yau da kullum. Bai taɓa kiran kansa da wani suna ba sai ɗan Tiyosofi. Geesje ta rasu a 2004, aka ƙona gawarta bisa al'adarsu, aka zuba tokar a gindin tuffa cikin lambun reshen. A 2011 kuma reshen ya yi biki, ba kunya ba tsoro, yana alfahari wai shi ya fara buɗe wa baƙi ƙofa. Ba wanda ya ambaci sunan Evert, ba wanda ya gayyace shi.

Rasuwa

Ya rasu a watan Fabrairun 2019 yana da shekara tamanin da bakwai, 'ya'yan Remzi na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa wurin ƙonawa. Ya bar 'ya'ya uku, Fenna da Wouter da Roelof, da jikoki biyar. Wasiyyarsa ɗaya ce, a zuba tokarsa inda aka zuba ta matarsa. Kwamitin yanzu ya ce lambun na mambobi ne kawai, wai ba shi da hurumin warware hukuncin korar da na baya ya yi.

Saboda haka har yau jana'izarsa ba ta kammala ba. Kowace Lahadi ƙanwarsa Dinie tana saka tulun tokar a jakar cefane, ta je zauren, ta ɗora shi kan kujera a sahun gaba, ta zauna kusa da shi. Da aka roƙe ta ta riƙa barin sa a gida, ta ce, “Gidansa yana bayan tagar nan. Ku buɗe lambun in kai shi.”