Hayaƙin Mota, Hayaƙin Tsire

An yi mana kwanton ɓauna a bakin wata gada, hayaƙi ne ya fitar da ni da rai. Direban motar sulke nake a lokacin. A saman motar, dama da hagu, akwai wasu gajerun bututu a jere, kowanne da gwangwaninsa a ciki. In wuta ta yi yawa, oga ya danna maɓalli, gwangwanayen su tashi su fashe can gaba, farin hayaƙi ya tsaya kamar katanga. Nawa aikin shi ne in sa ribas in taka, ba tambaya. Manyan tankoki kuwa man dizal suke fesa wa salansa mai zafi, su riƙa jan hayaƙin a bayansu.

Abin da aka fara koya mana shi ne iska. In tana busowa wajenka ka saki hayaƙi, kanka ka makantar. Don haka kullum kafin mu tashi sai in ɗebi ƙasa in watsa sama. Ranar gadar iska tana tare da mu. Motar da ke gabanmu ba ta dawo ba. Iyakar abin da zan faɗa kenan.

Da na tsufa, matata ta rasu, yara suka ɗauko ni. Na fara zama wajen ɗana a Moss Side, wata unguwa a ƙasar Turawa. Gidan ba fili, sai wani lungu na kwandon shara. Na taɓa gasa nama a kicin, ƙararrawar gobara ta yi ta ihu har maƙwabta suka fito titi. Daga nan aka raba ni da wuta. Nakan yini ina kallon talabijin da ba na jin yarenta, ƙafafuna suka fara kumbura.

Sai 'yata ta mayar da ni wajenta a Erdington, unguwa ce a wani garin na ƙasar. Nas ce, sunan mahaifiyata gare ta, Uwata nake ce mata. Akwai ɗan lambu a bayan gidan. Ta saya mini gawayi da wayar gasa nama, na daka ƙuli-ƙuli da yaji, na koma tsire da balangu. Ba na sayarwa, na gida ne da na baƙi. Abin da ya rage mini in yi da hannuna kenan.

Wata Asabar na watsa ƙasa, na ga iska ta nufi titi, na hura wuta. Ashe iskar tsakanin gidajen nan ba irin ta daji ba ce. Tana dukan bango ta juyo. Hayaƙin ya tsallake shinge ya sauka kan shanyar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Jamaika, mijinta ya daɗe da rasuwa.

Washegari da yamma ta buga ƙofa riƙe da farar riga. Uwata ce ke fassara mini.

"Baba, ta ce da wannan ta je coci. Wai saboda ƙamshin nama duk layinsu ba wanda ya saurari wa'azi, yunwa suke ji."

"Ki ce mata na duba iska."

"Ta ce to iskar ba ta duba ka ba."

Bayan ta tafi, Uwata ta zauna kusa da ni. "Baba, in ta kai ƙara council, wato hukumar gari, ba yadda zan yi. Kuma ita ma tana da gaskiya. Sai dai a haƙura da wutar."

Na rufe gawayin da leda na koma kujera.

Bayan kwanaki ina zaune a lambu, tsohuwar ta leƙo ta saman shinge ta yafito ni. Na zaga. A ɗakin ajiyarta akwai durom da aka tsaga biyu a kwance, da murfi, da ƙafafu, da dogon bututu a gefe. Na mijinta ne, a ciki yake gasa kaji. Ta nuna mini da hannu: gawayi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, kada kitse ya ɗiga kan wuta, sannan a rufe. Ni na iya tayar da hayaƙi, ba a taɓa koya mini rage shi ba.

Na kira Uwata ta tambaye ta me take so a madadinsa.

"Ta ce ban da Asabar, ranar wankinta ce. Kuma tsinke nata daban, a cika yaji. Wai kada ka yi mata na Turawa."

"Ki ce mata za ta yi kuka."

"Ta ce ku gwada a gani, soja."

Na kankare tsatsar, na ƙara wa bututun tsawo. Hayaƙin siriri ne, yana miƙewa sama ya wuce rufin gidaje. Ba ta yi kuka ba, ƙari ta nema.

Yanzu ina Erdington, a ɗakin ƙasan bene mai kallon lambu. Ina hura wuta ran Lahadi bayan la'asar, in ba a ruwa.