Ƙaramar Bindigar Baudilio Mai Cuku

Baudilio Aldana mai cuku ne, ɗan mai cuku. Gidansa ne na ƙarshe a San Gaspar kafin hanya ta gangara kogin Motagua, kuma duk wanda ya bi ta nan da hantsi zai ji ƙanshin madara da gishiri. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba mai yawan magana ba. Matarsa Herlinda takan ce da shanu ya fi hira.

A wancan zamanin namiji a garinmu bai gama shiri ba sai ya ɗaura bindiga a ƙugu, a kan wando, inda kowa zai gani. Da ita ake zuwa kasuwa, da ita ake zuwa kallon faɗan zakaru. Amma tana da ladabinta, kuma mutanen wancan lokacin sun fi na yanzu kiyaye shi. Ba a shiga coci da ita. In za ka gidan wanda kuka ɓata don neman shiri, sai ka kwance ɗamararka a kan idonsa, ka rataye a turken ƙofar shinge, ka shiga hannu sake. Wanda ya ɓoye bindiga a ƙarƙashin riga kuwa, a wurinmu mai kisa ne da aka yi hayarsa.

Baudilio bai taɓa ɗaura ta ba. Mai yi masa tsiya a kan haka shi ne Ovidio Chacón, maƙwabcinsa mai garken shanu, wanda yake sayar masa da madara tun suna samari. Ovidio ne ya riƙe Maribel, 'yar Baudilio tilo, ranar baftismarta. Tun daga ranar suka daina kiran juna da suna, sai kompadre, kamar yadda ya wajaba tsakanin uba da uban baftisma. Ban san wani abin da Baudilio ya ɗauka da girma kamar wannan zumunci ba.

"Kompadre, yau ma tsirara ka fito?" Haka Ovidio yake tarbarsa in ya zo ɗaukar madara.

"Ni da nake sayar wa mata cuku, wa zan harba? Ƙuda?"

"To in ɓarayi sun tare ka, ka jefe su da busasshen cukun nan naka. Ya fi harsashi tauri. Haƙorina shaida ne."

Wani rani mai tsanani ne ya shiga tsakaninsu. Hanyar ruwa ɗaya ce take ratsa gonar Ovidio kafin ta kai filin Baudilio, suna karɓa-karɓa. Da shanunsa suka fara faɗuwa, Ovidio ya tare ruwan a ranar da ba tasa ba. Baudilio, wanda bai saba faɗa ba, bai iya auna magana ba. A shagon gari, gaban mutane, ya kira shi ɓarawon ruwa. Gaisuwa ta yanke. Baudilio ya koma sayen madara a ƙauyukan gindin duwatsu, tafiya mai nisa a tsohuwar a-kori-kurarsa.

A wannan hanya aka tare shi da rana tsaka. Samari biyu ne a kan babur. Suka kwantar da shi rubda ciki a kan kwalta mai zafi, ɗaya ya danna masa bakin bindiga a ƙeya, ɗayan yana laluben aljihunsa yana waƙa. Suka jefa makullin motar cikin ƙaya suka tafi. A ƙasa ya dawo gida. Kwanaki ko matsar cuku ba ya iyawa.

"Tsoho," in ji Herlinda, "ko ka sayi bindiga, ko ka bar hanyar nan, ko ka je ka ba kompadre haƙuri. Ni ban shirya sa baƙin kaya ba."

Na farkon ya fi masa sauƙi. Ya tafi birnin Zacapa, ya shiga shagon bindigogi. Mai shagon ya shimfiɗa masa manya masu ƙyalli, irin waɗanda ake hangowa daga ƙarshen layi.

"Ina son wadda ba a gani," in ji Baudilio.

Mai shagon ya dube shi ta saman tabarau, ya kira shi da "Don", kalmar da muke sa wa gaban sunan mutum don girmamawa. "Don Baudilio, wa za ka yi wa kwanto?"

"Ba kowa. Yaran nan in sun ga bindiga a ƙugu, harbi suke fara yi, sa'an nan su cire ta."

Wannan gaskiya ce, amma da saura. Bai so labari ya kai kunnen Ovidio cewa mai cuku ya ji tsoro har ya yi ɗamara.

Ya zaɓi wata 'yar libarba mai gajeren baki, da ƙyar ta fi tafin hannunsa. Ya bi ƙa'ida, ya jira takardun izini har suka fito. Baudilio mutum ne da ba ya barin aiki rabi. Ya kai ta wurin wani tsoho mai gyaran bindiga, aka canza mata mariƙi aka sa na roba, domin hannun mai cuku kullum da maiƙo. Aka bi gefen da yake kama riga da magagari har ya yi sumul. Tsohon ya ce bari ya sassauta kunamar.

"Bar ta da taurinta," in ji Baudilio. "In zan ja, in ja da sanina."

Baduku ya ɗinka masa kube na fata mai ƙarfi, wanda yake rufe kunamar ruf, yana shiga ta cikin wando a bayan ƙugun dama. Ya yi ta mayar da shi gyara: nan yana cizo, nan yana turo riga in ya sunkuya. Har badukun ya gaji ya ce, "Amarya ma ba ta wahalar da tela haka." Ranar da ya tuƙa mota zuwa gindin duwatsu ya dawo bai ji komai a jikinsa ba, ranar ya ce aiki ya yi.

Ya kafa wa kansa dokoki, ya kuma tsare su. Yatsa ba ya zuwa kusa da kunama sai ya yi niyya. Ba ya kurɓar giya tana jikinsa. Da yamma ya cire harsasai, ya kulle ta a akwatin ƙarfe a saman kabad. Da safe ya sa wando, ya sa ta, ya ɗaura bel, ya sha kofi. Wani lokaci yakan gangara bakin kogi inda babu mutane ya gwada hannu a jikin gaɓa. Watanni suka wuce bai zare ta a kan kowa ba. Ta zama kamar bel ɗin.

Sai auren Maribel ya taso. A wurinmu amarya takan durƙusa gaban uban baftismarta ya sa mata albarka kafin a tafi coci.

"Baba," ta ce, "in bai sa mini albarka ba, ba inda za ni. Kai ka zage shi, kai za ka je."

Ya yi kwanaki yana shirya abin da zai faɗa. Ranar Asabar da safe ya yi shiri kamar kullum, bakinsa yana ta motsi. Herlinda ta naɗe masa cuku mafi kyau a ganyen ayaba. Ya ɗauki addarsa saboda macizai, ya ratsa gona a ƙasa.

Ovidio yana baranda, bindigarsa a ƙugu, matarsa da ma'aikatansa suna tsakar gida. Baudilio ya tsaya a ƙofar shinge, ya cire malafa. Da yake a tunaninsa ba shi da abin kwancewa, sai ya rataye addar a turke, ya shiga.

"Kompadre, na faɗi magana a gaban mutane. Na zo in janye ta a gaban mutane."

Ovidio ya dube shi. "Ka jima a hanya, kompadre. Ban san gonar nan ta yi faɗi haka ba."

"Ƙafata ce gajera."

"Bakinka ne dogo." Ovidio ya miƙe. "Ni ma na tare ruwan da ba nawa ba. Ka zo mini tsirara, ba zan tsaya maka da ƙarfe ba."

Ya kwance ɗamararsa, ya taka har ƙofar shinge, ya rataye ta kusa da addar. Ba wanda ya taɓa ganin Ovidio Chacón a waje ba bindiga. Ya dawo ya rungume Baudilio, yana bubbuga bayansa da ƙarfi yadda maza suke yi, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Hannunsa ya sauka a ƙugun dama, ya tsaya cak.

A lokacin ne Baudilio ya ji ta a jikinsa.

Ovidio ya ja da baya a hankali. "Mene ne wannan?"

"Ta hanya ce, kompadre. An tare ni watannin baya. Mantawa na yi, na rantse da ran Maribel."

"Ka manta."

"Ba a jin ta. Haka na sa aka yi ta."

"Haka ka sa aka yi ta," in ji Ovidio. Bai ɗaga murya ba. "Ka rataye adda a kan idona. Ka bar ni na kwance tawa gaban matata."

Baudilio ya kai hannu baya don ya ciro ta ya ajiye a ƙasa.

"Kada hannunka ya je wurin."

Ya tsaya, hannuwa a buɗe, cukun yana ƙasa inda ya faɗi. Wata mace a tsakar gida ta fara addu'a ƙasa-ƙasa.

"Juya ka fita, Don Baudilio. A hankali," in ji Ovidio. Bai ce kompadre ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Waɗanda suka san shi sun yarda mantuwa ce, waɗanda ba su san shi sosai ba suka ce dama shiru-shirun nan nasa bai kwanta musu ba. Fadan cocinmu ya je da kansa ya zauna da Ovidio.

"Mai yiwuwa mantuwar ce, Fada," in ji Ovidio. "Ban ce ya zo kashe ni ba. Amma in na sake rungumarsa, na san hannuna zai yi lalube. Ba na son in riƙa laluben kompadrena."

Ranar auren Ovidio ya zo cikin farar riga. Bai shiga gidan ba. Maribel ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa, ya ɗora hannu a kanta, ya yi mata alamar gicciye a goshi, ya faɗi abin da ake faɗa bai rage komai ba. Herlinda ta kawo masa abinci, ya gode, bai taɓa ba. Baudilio yana tsaye a gefe da rigarsa cushe cikin wando don kowa ya ga ƙugunsa. Ovidio bai dubi wajen ba.

Ruwa kam bai sake tare shi ba, ko a ranin da ya fi wancan muni. In sun haɗu a hanya yakan taɓa bakin malafa ya wuce. Baudilio ya ci gaba da sayen madara a gindin duwatsu, kuma da yake hanyar ba ta gyaru ba, bai iya ajiye bindigar ba. Har ya tsufa bai harbi kowa da ita ba.

Da Ovidio ya kwanta ciwon ajali, Baudilio ya aiki Maribel ta tambaya ko zai iya zuwa dubiya. Ta dawo idonta ja.

"Ya ce a gaishe ka, Baba. Ya ce ka huta, rana da zafi."

A makon aka binne shi. Baudilio ya bi gawar daga can baya, cikin baƙin da suka zo daga wasu garuruwa, ya koma gida tun ba a gama mayar da ƙasa ba.