Yadda Na Koya wa Matata Kukan Ciwo

Na sha wahala a shekarar nan, kuma ba ciwon ne ya fi wahalar da ni ba, neman maganin ne.

Ni direban motar kaya ne a wani otal a unguwar Misfala, kusa da Harami. Karatuna bai wuce in gane allon hanya in sa hannu ba. Otal ya yi mana katin inshorar lafiya, ta'min muke ce masa, ni da iyalina. Na daɗe ina yawo da shi a aljihu ina jin kaina wani. Sai da hannuwan matata suka kumbura na san abin da nake ɗauke da shi.

Ciwon gaɓoɓi ne. Yatsunta suka fara lanƙwashewa, buta ta gagare ta, sai 'yarmu ke zuba mata ruwan alwala. Likita ya ce akwai wata allura da ake yi duk sati biyu. In an fara da wuri yatsun za su tsaya a inda suke, in an yi jinkiri wanda ya lanƙwashe ya tafi ke nan. Ba a sayar da ita a kemis ɗin bakin titi. Wani kemis na musamman ke kawo ta har gida cikin akwatin sanyi, bayan kamfanin ta'min ya amince. Na tambayi kuɗinta. Ya faɗa. Ban sake tambaya ba.

Kamfani ya ce ya ji, amma akwai tsari. Sai ta sha wasu ƙwayoyi masu araha wata uku, in ba su yi aiki ba sannan a ba ta allurar. Wato sai ciwon ya ƙaru mu cancanta. Suka ce duk ƙarshen wata ma'aikaciyarsu za ta bugo mata ta ji yadda jiki yake. Na ce to, ban kawo komai a raina ba.

Ga abin da na manta. Tun da na auri matar nan ban taɓa jin an ce mata "ya jiki" ta ba da wata amsa ban da "da sauƙi, alhamdu lillahi" ba. Haka gidansu yake. Mahaifiyarta da safe ta ce min da sauƙi, da la'asar aka yi mata salla a Harami.

Wata uku suka cika, saƙo ya shigo wayata, 'yarmu ta karanta min. An ƙi. Dalili: mara lafiya ta samu sauƙi.

Na tafi ofishinsu. Na tarar da wani matashi a bayan tebur, sanyin na'ura na dukansa, ni kuwa rigata ta jiƙe.

"Ya ammi, albishirinka, madam ta warke," in ji shi, wato baffa yake ce min da Larabci.

Na ce, "Wace madam ɗin? Wadda na baro ba ta iya riƙe cokali?"

Sai ya kunna min muryarta, ashe suna ajiye kiran. Sau uku ana tambayarta da Larabci, sau uku tana cewa da sauƙi. A na ukun har ta tambayi ma'aikaciyar lafiyar iyayenta, ta sa mata albarka.

Na ce, "Ɗana, ai wannan gaisuwa ce!"

Ya juyo min da kwamfutar. "Gida biyu ne a nan. Akwai sauƙi, babu sauƙi. Nuna min gidan gaisuwa."

Na duba kamar zan iya karantawa. Ya tausaya min, ya ce za a sake bugowa ranar Alhamis, kira na ƙarshe, ta faɗi gaskiya.

Na koma gida unguwarmu Tandabawi na zaunar da ita bayan la'asar. Na kara takalmina a kunne, na siranta murya.

"Hajiya, ya hannun?"

"Da sauƙi."

"Ke! Ba haka za ki ce ba. Ki ce yana ci na kamar wuta, ba na iya komai."

"Malam, ina zaune a garin nan, ina jin kiran sallar Harami daga ɗakina, in kai ƙarar Ubangijina wurin 'yar mutane?"

"Ba ƙara ba ce, tsari ne."

"To ka gaya wa tsarin da sauƙi."

'Yarmu tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Na kore ta. Na je na ɗauko maƙwabcinmu, wani malami Bakano da ke karatu a nan. Ya zauna daga waje ya yi mata bayani a hankali, cewa faɗa wa likita ciwo ba raki ba ne, ba kuma butulci ba. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ita mai wayar likita ce?" Ya sha shayinsa ya tafi.

Kwana uku ina horar da ita. Mutane na koya wa matansu haƙuri, ni ina koya wa tawa raki. A ƙarshe muka daidaita a kan magana ɗaya: "Akwai ciwo." Ta yarda, don ta ce wannan ba ƙarya.

Alhamis da azahar waya ta yi ƙara. Ni na riƙe mata, tunda ba ta iyawa. Aka tambaye ta. Ta kalle ni, ta ce, "Akwai ciwo." Na ɗaga ido sama ina godiya. Sai yarinyar mai wayar, ita ma 'yar tarbiyya, ta ce, "Allah ya sawwaƙe, inna. Amma ya fi na da sauƙi, ko?"

Ba sai na faɗi amsar ba.

Ban yi mata faɗa ba. Na zauna ina kallon hannuwan a kan cinyarta. Ɗan yatsanta na dama ya kwanta a kan na kusa da shi, kuma a watan jiya ba haka yake ba.

Ranar Lahadi da na dawo daga sallar asuba na buga otal na ce yau su nemi wani direban. Na ari keken marasa lafiya wurin wani ɗan unguwarmu mai tura alhazai, na goyo ta daga bene, muka hau tasi. Mu muka fara isa ofishin, kafin masu shara su gama. Da matashin ya zauna na tura ta har gaban teburinsa. Ya gaishe ta, ta amsa irin tata. Na bar su suka gama. Sannan na kamo hannuwanta biyu a hankali na ɗora masa a kan takardunsa, na ja kujera na zauna.