Ubale Dillali da Ƙwaryar Ardo

Ubale dillalin shanu ne a kasuwar Tudun Wada. Da ƙuruciya siriri ne kamar sandar kiwo, don da ƙafa yake bin rugage har cikin Doguwa. Da ya sayi babur sai ƙafa ta huta, baki kuwa bai huta ba.

Sana'ar ce ta ja masa. Ba a shiga ruga a fara da zancen shanu. Sai an shimfiɗa tabarma an kawo fura da nono, kuma tunda Ubale ɗan gari ne, sai a zabga masa sukari don karramawa. Tuwo ya biyo baya, man shanu na iyo a kai. Baƙon da ya ture ƙwarya ya raina mai gida ke nan, ko maraƙi ba za a sake nuna masa ba. Ubale bai taɓa turewa ba. Daga wannan ruga zuwa waccan, ya dawo kasuwa ya kora da lemon kwalba.

Tumbi ya fito, mutane suka ce arziki ne. Matarsa Hasiya ta ce ita ba ta gane wa arzikin da ke hana mutum yanke farcen ƙafarsa ba. Da ya fara gyangyaɗi ana tsakiyar ciniki, sai ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Kano.

Bayan an yi masa hoton ciki, likita ta ce, "Baba, hantarka ta tara kitse."

"Subhanallahi! Ba mashaya ciwon hanta ke kamawa ba? 'Yata, ni ko warin giya ban sani ba."

"Ba sai da giya ba, Baba. Ƙiba na kawo shi, da yawan zaƙi, da yawan zama. Yanzu in ka rage jiki za ta iya warwarewa. In ka bari ta ƙeƙashe, ba ta dawowa."

Ubale ya ji tsoro, amma ya fi tsoron Ardo Lado, wanda garkensa ne rabin sana'arsa. Sai ya ɓullo da dabara: da an ajiye ƙwarya sai ya ce yana azumin nafila. Dabarar banza. Maijidda, matar Ardo, ta ga ladan ciyar da mai azumi ya zo mata har gida, sai ta riƙa ɗaure masa ninki a bayan babur. Abinci kuwa ba a zubarwa. Ubale ya ƙara kumatu.

Rannan Ardo ya dube shi sheƙeƙe. "Kai Kaɗo, Litinin azumi, Alhamis azumi, yau Talata ma azumi? Ko furar gidana ce ta yi maka tsami?"

Ubale ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, yana jiran a naɗe tabarma.

Ardo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ashe ka zama san turke! A ɗaure a ba ka dusa, ba tafiya. Maijidda! Rabin ƙwarya, nono zalla, kada ki sa masa sukarin nan." Ya juyo. "Ka sha ko kaɗan ne, mutuncina ya tsaya. Shanun kuma suna bayan dutse. Na daina sa a koro maka su. Tashi."

"Ardo, babur fa?"

"Ba ya hawa."

Ubale ya tashi, yana haki yana tsine wa dutse, Ardo, tsohon da ya girme shi, na gaba yana yi masa tsiya. Labari ya zaga sauran rugage, kowa ya ga abin wasa ya samu, kowa ya tura shanunsa nesa.

Da ya koma asibiti bayan damina, likita ta ce hantar ta fara sauƙi, amma da sauran aiki. Ubale ya ce ta gaya wa Fulanin Doguwa, ko sa tausaya su matso da garke. Ta ce ba za ta gaya musu ba.