Shafin Matan Citta da Nono

A ƙarshen shekarun casa'in ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata a Kafanchan. An ba ni aikin ne don na iya tafireta. Yawancinmu manoman citta ne daga wajen Kwoi da Kagoma, sai matan Fulani masu nono da man shanu daga rugagen Godogodo. A kasuwa muka san juna, muka haɗu don mu daina sayar wa dillalai kayanmu a wulaƙance. Shugabarmu wata dattijuwa ce 'yar Kwoi, jagorar zumuntar mata a cocinsu, kowa Mama yake ce mata.

Wasu Turawa masu ba da tallafi suka yi alkawarin gina mana dandamalin shanya citta. Suka ce sai mun sami shafi a intanet, suka haɗa mu da wani mai kamfanin kwamfuta a Kaduna. Ban taɓa ganin intanet ba a lokacin. Na buga tarihin ƙungiya da hannuna, na haɗa da hotunanmu a gona da kasuwa, na aika masa.

Bayan wani lokaci ya aiko da shafin a takarda. Ranar taro na tsaya ina karantawa ina fassarawa da Hausa. Babu hotonmu ko ɗaya. A sama ya sa hoton wani gida da ya ƙone. A ƙasa ya rubuta cewa mu zawarawa ne da rikicin tamanin da bakwai ya ɗaiɗaita, Kirista da Musulmi masu tsoron juna, waɗanda aka samu da ƙyar aka zaunar a ɗaki ɗaya.

Wata dattijuwar Bafulatana da muke kira Goggo ta karɓi takardar, ta juya ta, ta daɗe tana kallo.

"Gidan wa ne wannan?" ta tambaya.

Aka zagaya da takardar. Ba wadda ta san gidan. Ko ginin bai yi kama da na garinmu ba.

"Mijina yana gida yana gyaran keke," in ji Mama. "Je ki faɗa wa mai kamfanin ya cire, 'yata."

Rikicin ya faru, ba mu musa ba. Ina budurwa lokacin, na ga hayaƙi, na ga maƙwabta sun daina gaisawa. Amma mun yi shekaru muna auna wa juna citta da nono bayan haka, kuma wannan aikin ne muke so a gani.

Na shiga mota zuwa Kaduna. Mutumin ya karɓe ni da lemo, ya saurare ni yana murmushi.

"Madam, citta ba ta buɗe hannun Bature," ya ce. "Wuta ce ke buɗewa."

"Oga, to ka nuna mini yadda zan gyara da kaina."

Ya ce ba zai yiwu ba. Manhajar da ya gina shafin da ita tasa ce, kalmar sirrin ma a wurinsa take, ko harafi ɗaya sai ta hannunsa. Na miƙe na bar masa lemonsa.

Wata 'yar cocinmu ta ba ni labarin yayarta da ke koyar da kwamfuta a Jos, wai ofishinsu na da layin intanet ta wayar tarho. Na je na same ta. Malamar ta ce akwai manhajar da masu ita suka sake ta kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gani, ya gyara yadda yake so. Ta ɗora mana ita a wani wuri a intanet da 'yan sa-kai ke ba ƙananan ƙungiyoyi. Ta nuna mini akwati fari a fuskar kwamfutar.

"Rubuta abin da kike so a nan, ki danna wannan."

Na rubuta sunan ƙungiyarmu na danna. Layin ya yi ta jan ƙafa, har na zaci na ɓata wani abu. Can sai ga sunan ya fito a sama. Malamar ta juya baya ta ce in zaɓi kalmar sirri, kada in faɗa mata.

Da Hausa na so mu fara, Turanci ya biyo a ƙasa. Nan muka ci karo da matsala: duk harafi mai ƙugiya alamar tambaya yake fitowa. Malamar ta buɗe cikin manhajar ta ƙara 'yan layuka, yadda za ta riƙa sa wa harafin ɗan waƙafi a gefe da kanta. Bai yi kyau ba, amma ya karantu.

Daga nan duk wata sai in je Jos da ɗan faifan kwamfuta a jaka. Wani zuwan wuta ta ɗauke, wani zuwan layin ya ƙi shiga, in koma gida haka nan. Na sa hotunanmu, na sa yadda ake tsaga citta a shanya, da yadda ake kaɗa nono a fid da mai.

Wakiliyar masu tallafin ta zo Kafanchan da damina. Ta ce shafi biyu yana ruɗa mutanensu, kuma na Kaduna ya fi taɓa zuciya. Ta roƙe mu mu rufe namu. Na fassara wa mata maganarta ban rage komai ba.

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Faɗa mata a rufe wancan. Namu yana nan."

"In sun janye fa?" wata ta tambaya daga baya.

"A kan dutse muke shanya tun kafin su zo," in ji Mama.

Sun janye kuwa. Wasu mata suka yi fushi da ni, suka ce yawon Jos ɗina ne ya jawo, suka bar zuwa taro. Ɗaya daga cikinsu har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta hanya. Da rani muka tara yashi da tsakuwa, mazajenmu suka zuba mana dandamali ƙarami, rabin wanda aka yi mana alkawari. Shafin Kaduna ya ɓace da kansa da aka daina biyan mai shi.

Namu bai jawo mana wasu masu tallafi ba. Masu leƙa shi ma ba su da yawa, galibi 'ya'yan yankinmu ne da ke karatu a waje. Amma taronmu ya canza. Kafin kowace tafiya Jos sai an yi gardama kan abin da za a rubuta. Wata rana Goggo ta ce a sa maganar burtalin da aka nome, shanunsu suka rasa hanyar rafi. Wata manomiya ta ce in za a sa wannan, a sa doyarta da shanu suka tattake. Suka yi ta yi har Mama ta buga tebur. Na rubuta duka biyun, kowace da bakinta, na karanta musu, suka gyara mini wurare da dama, washegari na kama hanyar Jos.