Malam Ishaya da buhunan waken bayan bangonsa

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye bakin titi a Bodinga ina jiran ya zo ya ɗauke ni a babur kamar kullum. Malam Ishaya ya rasu. A ɗakinsa aka same shi.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ishaya mutumin Zuru ne, Kirista, malamin lissafi a makarantar da nake koyar da aikin gona a wajen Shagari. Haya yake a nan Bodinga shi kaɗai, iyalinsa suna gida.

Shekara da shekaru a bayan babur ɗinsa nake zuwa aiki. Ran Juma'a shi ke riƙe mini aji in tafi masallaci. Da azumi ban taɓa ganin ya sha ko ruwa a staff room ba, sai ya zagaya bayan lab. In Kirsimeti ta zo, wajen mahaucinmu yake kai akuyarsa a yanka, don kada wani cikinmu ya samu hujjar ƙin cin shinkafarsa.

Amma abin da ya fi haɗa mu gardama ce, kuma a kan babur muke yin ta, iska na kwashe rabin maganar. Ni nake tsokanar sa. In ce, ku da kuke cewa duk ɗan Adam ya faɗi ta dalilin Adamu, ai Allah ya san zai ci ɗan itacen da aka hana shi tun kafin ya halicce shi. To me ya sa aka dasa itacen a tsakiyar gonar?

Sai ya ce, "Malam Sani, tun farkon term na san waɗanda za su faɗi lissafi. Ni na kayar da su?"

In ce masa ai ba kai ka halicci ɗaliban ba. Sai ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi, ya ce nan iliminsa ya tsaya, sauran sai ya je can ya tambaya. Ni ina ce masa Lauyan Adamu, shi yana ce mini Malam Ƙaddara. Bai taɓa shawo kaina ba, ni ma ban shawo nasa ba. Mu a wajenmu ba a gadon zunubi, kuma na sha faɗa masa.

Abu biyu dai yake nanatawa, yau su ne suka hana ni zama. Na farko, yana cewa Allah ya sani amma bai ɓoye ba, ya gaya wa Adamu ƙarara abin da zai same shi in ya ci. Na biyu, wai ba cin ne ya fi ba shi tsoro ba, abin da ya biyo baya ne. Da aka tambayi Adamu sai ya nuna matarsa, har da tuna wa Allah cewa shi ya ba shi ita. Ita kuma ta nuna maciji.

"Tun daga ranar," in ji shi, "mutum ke yin ɓarna da hannunsa ya jingina wa Allah."

Jiya ne ganina da shi na ƙarshe. A hanyar dawowa, daidai Dandin Mahe, ya tsayar da babur ya sauka ya yi amai. Ya ce kwanan nan da ciwon kai yake tashi, ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, amma da ya fito iska sai ya ji dama. Ya ce ɗakinsa na wani wari kamar na tafarnuwa.

Nan take na yi zargin wani abu, don wannan fannina ne. Na tambaye shi me ke ɗakin da ke jikin nasa. Ya ce mai gidan ne ya jibge buhunan wake. Na san ginin, bangon da ya raba ɗakunan bai kai kwano ba, kuma babu silin.

Na ce masa ina tsoron ƙwayar nan ce ta maganin ƙwari da manoma ke ce wa bom. A cikin buhu ake tura ta, ta riƙa fitar da iska mai guba a hankali. Ba a ajiye ta inda mutum ke kwana. Na ce ya kwaso tabarmarsa ya zo gidana.

Ya ce ya riga ya tambayi mai gidan, ya rantse masa barkono ne kawai da toka aka sa wa waken. Ya ce, "Dattijo ya rantse mini da Allah, in kwashe kaya in fita ai na ƙaryata shi ke nan. Maleriya ce, gobe zan sayi magani."

Ya sauke ni, ya ce kada in makara.

Yau da na isa gidan an riga an tafi da gawarsa asibiti a Sakkwato. Na tarar an buɗe taga da ƙofa, an share ɗakin tas, har da turaren wuta. Mutum ya mutu da safe, wa ke da natsuwar kunna turare?

Ɗakin waken kuwa an sa masa sabon kwaɗo.

Na gaida mai gidan, na ce Baba, me aka sa wa waken nan? Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, mi kaka nema? Kwana nai ya ƙare. Abin da Allah ya rubuta, wa ka iya hana shi?"

Na zagaya baya in yi alwala. A cikin sharar da aka tara, ga 'yan gwangwanayen ƙwayar nan a buɗe, babu komai ciki. Na ɗauke su hoto.

Ku fahimce ni. Ni ba likita ba ne, kuma ban ce kowa ya yi niyyar kisa ba. Mai yiwuwa yaran mai gidan ne suka sa bai sani ba. Mai yiwuwa ya sani, ya ga ai kowa na sawa, ya ji tsoron kada ɗan haya ya tashi. Ba zan kama suna ba. Amma zuciyata ba ta yarda ba, kuma ba zan yi kamar ta yarda ba.

Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Na san Allah ya san ranar Ishaya tun kafin a haife shi. Sai dai ba Allah aka tambaya me ke cikin buhu ba, mutum aka tambaya, kuma ya zaɓi amsar da ya bayar. Wallahi na ji haushi da aka yi saurin miƙo mini sunan Allah tun kafin in gama tambayata.

Ga dalilin da ya sa ban jira ba na yi wannan post ɗin. Matarsa, Madam Rahila, tana hanya daga Zuru da 'ya'yansu, har da ta goye. Wayarta ba ta shiga. Mai gidan ya gaya wa mutane ya gyara masu ɗakin marigayin su sauka su karɓi gaisuwa. Buhunan suna nan bayan bango, ba a fitar da ko ɗaya ba.

Ina tasha ina jiran su, maiɗakina ta gyara masu wuri a gidanmu. Amma ban san motar da suka shiga ba. Don Allah duk wanda ya riga ni ganin Madam Rahila, 'yan cocinsu ko direbobin hanyar, ku gaya mata ta nemi Malam Sani, kada ta shiga ɗakin nan da yaran ko don ajiye jaka.

Ishaya ya ce Allah ya sani kuma bai ɓoye ba. To yanzu ni da ku mun sani.

Allah ya ba Rahila da yaran haƙuri, ya raya su, ya bayyana gaskiyar abin da ya faru. 'Yan'uwansa Kirista, ku yi masa addu'a yadda kuka saba. Sauranmu mu roƙi Allah ya kawo iyalinsa lafiya, ya sa saƙon nan ya riga su isa ƙofar ɗakin.