Inda Yaya Sabi'u Ya Tsaya

Shekara bakwai ke nan cif da muka sallaci yayana Sabi'u a nan Dubai, kuma sai a bana na sami abin da zan rufe bakin masu yi masa dariya da shi. Ni ma ina cikinsu, gara in faɗa tun yanzu.

Yaya ɗan kasuwa ne, leshi da shadda yake saye yana turawa Kano daga wani ɗan ofis a Al Rigga. Amma duk ƙasar da fatauci ya kai shi, da zarar ya gama da kaya sai ya rataya kyamara ya nufi maƙabarta, irin manyan nan masu ƙubbobi da farin dutse. Abokai su dawo da turare da agogo, shi ya dawo da hotunan kaburbura. A masaukinmu na Abu Hail har suna aka laƙaba masa, wai Sarkin Makwanta.

Kuma da ƙa'idarsa yake yi. Ba ya zuwa da tsakar rana, ya ce farin dutse yana ruɗar kyamara, ta ga haske ya yi yawa ta runtse ido, hoto ya fito toka-toka. Sai bayan la'asar, lokacin da rana ke bugowa ta gefe har rubutun jikin dutse ya taso. Ba ya ɗaukar kabari shi kaɗai, dole a bayansa a ga abu biyu da ba sa motsi. In ya wanke hoton, ya rubuta wuri da lokaci a bayansa. Na sha ce masa, "Yaya, yalla, yi sauri mana, mamacin nan ba gudu zai yi ba." Ko kallona ba ya yi.

Shekaru kaɗan kafin rasuwarsa, ya raka amininsa Alhaji Ɗanladi asibiti a Alƙahira. Can Allah Ya karɓi ran Alhaji, aka binne shi a gefen wata tsohuwar maƙabarta. Mutanenmu suka yi yadda muka saba a gida: suka kafa ɗan allon ƙarfe da suna da fenti, suka ce ai kusa da bishiyar nan ne. A Kano wannan ya isa, domin ba a rasa wani dattijon unguwa da zai tuna. A Masar wa zai tuna maka?

Nura, ɗan marigayi Alhaji, yanzu yana aiki a wani sito a Dubai Investments Park. Sau biyu yana zuwa Alƙahira neman kabarin ubansa. Allo babu, bishiya an sare. Mahaifiyarsa Hajiya Binta tana Kano, jiki ya yi rauni, abu ɗaya take roƙo: ɗanta ya tsaya a kan mijinta ya yi masa addu'a tun tana da rai. Da Nura ya zo mini da maganar idonsa jawur, na jawo akwatin hotunan Yaya da na daɗe ina niyyar zubarwa. Muka yini muna tonawa, sai ga hoton kabarin Alhaji. Kabarin yana can ƙasa ta hagu, a bayansa wata ƙubba mai tsagewa, kan wata hasumiya ya taɓa gefenta daidai.

Da Yaya zai ga zamanin nan, da kowa ke daddanna waya yana ɗaukar hoto ɗari a minti guda, rabinsu fuskarsa ce, na san tsaki zai ja. Nura ma yana da irin waɗannan a wayarsa daga zuwansa biyu, babu wanda ya nuna masa hanya.

Ya koma karo na uku da hoton Yaya guda ɗaya a hannu. Ya sami ƙubbar, ya jira la'asar, ya riƙa matsawa taku-taku yana duban hoto yana duban sama. Ina ofis ya kira ni yana haki. "Kawu, khalas, shi ke nan, sun haɗu! Hasumiyar ta taɓa ƙubbar!" Ya durƙusa ya share ƙasa da hannu, ga guntun ƙarfen allon ya ci tsatsa, yana nan inda aka kafa shi. Ban ji kunyar kuka a gaban masu jiran kaya ba.

Daga nan ya kira mahaifiyarsa. Ta ce ya yi wa Alhaji sallama, ya yi addu'a tana amsawa da amin. Da suka shafa, sai ta tambaya wane ne ya ɗauki hoton, kuma ɗan wane ne.

Yaya bai bar gida a Kano ba, ofishin nasa ma tuni wani ya kama. Na daɗe ina jin ciwon haka, ina ganin ya ɓata lokacinsa a tsakanin matattu. Yanzu kuwa duk asuba akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinsa ba, tana ɗaga hannu tana kiran Sabi'u ɗan Haruna da sunansa, tana nema masa gafara tare da mijinta.